Zoben Ƙarfen da Surukina Ya Fere

Ranar da muka kai surukina makwancinsa, layin garejinsa da ke bakin titi a Gwarzo ya cika da manyan motoci har aka rasa inda za a jingine babur. Tifofi ne, taraktoci ne, har da wata katafila a kan tirela da mai ita ya juyo da ita daga hanyar aiki bai tsaya saukewa ba. Direbobi suka kashe injina suka sauko da kayan aiki a jikinsu, suka yi layi a bakin famfon masallaci suna dirzar baƙin mai da ƙasa kafin su yi alwala. Tsakiyar bazara ce. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, ya tsaya cak a kan garin, sannan ya watse ko ɗigo babu. Haka ya yi a ranar, haka ya yi ta yi har aka share makoki.

Kowa ya zo sai ya durƙusa gaban 'ya'yansa maza ya ce, "Ashe Baba lokaci ya yi. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri." Su ce amin, ya ja gefe ya zauna. In an ɗan jima sai hira ta tashi ƙasa-ƙasa, kuma duk inda ta zaga wuri ɗaya take dawowa. Wani tsohon direban tarakta daga Kutama, wanda kuka ya hana shi ƙarasa addu'a, ya ce tun yana saurayi yake kawo wa Baba aiki, bai taɓa komowa da abin da ya gyara ba. Wani mai tifa daga Mainika ya ce, "Ai in Baba ya ɗaure silinda, sai dai motar ta ruɓe ta bar ta." Aka yi murmushi, aka ce haka ne, wallahi haka ne. Aikin Baba ba ya dawowa. Na ji wannan magana a ranar har kunnena ya gaji.

Ni ina can ƙarshen tabarma, inda ya dace mijin 'ya ya zauna, kaina a ƙasa. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne ya danne ni, kuma akwai shi. Amma tsoro ya fi shi yawa. Ni kaɗai a taron nan na san akwai aiki ɗaya na Baba da ya kamata ya dawo, kuma a daidai lokacin yana can wajen Kabo a jikin wata motar ƙugiya, yana ɗaga kaya a saman kawunan mutane.

Zan zo kan wannan. Bari in fara faɗin ko wane ne shi, don kada wanda bai san shi ba ya auna shi da kuskure ɗaya.

Makanikin haidurolik ne, mai gyaran duk abin da mai ke turawa ya ɗaga nauyi: jek ɗin tifa, hannun katafila, abin ɗaga garmar tarakta. Ɗan maƙera ne, a gindin zugazugi ya tashi kafin ya koma gareji, shi ya sa har ya koma ga Allah ƙarfe kawai ya yarda da shi. Gajere ne kakkaura, yatsunsa biyu na hagu sun tafi tun kafin a haifi matata. Bai yi boko ba, da ajami yake rubuta awo a bangon gareji da alli. In an kawo masa mota ba ya fara tambayar direba komai. Sai ya lakato man da ke ɗiga, ya murza, ya kai hanci, sannan ya ɗora bakin sukundireba a jikin silinda ya kara kunne a ƙotarta. Daga nan sai ya gaya wa direban abin da ya yi wa motar, har da wanda ya so ya ɓoye wa maigidansa.

"Kun tsarma man nan da baƙin mai," in ji shi.

"A'a Baba, wallahi sabo ne."

"To, tsakanin kai da hancina ɗaya yana ƙarya, kuma hancina ya girme ka."

Yana da faɗa, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Wani ɗan kwangila ya taɓa kawo masa silindar gireda, motar gyaran hanya, da ta tsage, ya ce a yi mata walda a mayar, aiki na jiransa. Baba ya ce ba a walda a wannan wurin, in an matsa mata za ta fashe. Mutumin ya ce to a ba shi kayansa ya kai gaba. Baba ya ce babu laifi, ya ɗauki babbar guduma, a gaban idon mai kaya ya rotsa bakin silindar yadda babu mai waldar da zai iya komai da ita, sannan ya ce a ɗora masa a mota. Sai da magana ta kai gaban mai unguwa. Aka ce Baba ya ba da haƙuri, ya bayar, har ya nemo wa mutumin wata silindar da kansa. Amma yana fitowa daga zauren ya ce shi dai ya gwammace a kira shi mahaukaci da a kira shi jana'izar direban.

Dokarsa ɗaya ce a garejin, ba a shiga ƙarƙashin abin da mai ya ɗaga sai an tokare shi da gungume. Duk wanda ya karya, komai girmansa, zai sha duka da hula. Ta nan ya haɗu da direban da zai shigo labarin nan, wani mutumin Filato, Kirista, wanda matarsa ke koyarwa a firamare a Kabo. Farkon zuwansa yankinmu tifa yake ja. Wata rana ya ɗaga bodi a bakin garejin ya kutsa kai ƙarƙashi yana leƙen inda mai ke zuba. Baba yana cikin cin goro ya ji sautin silindar ya canja. Ya tashi ya fizgo shi ta ƙafa kamar an jawo buhu, bodin ya sauko a kan shasi da ƙarar da ta tayar da kasuwa. Baba ya yi masa dukan hula har ya gaji, sannan ya zaunar da shi a inuwa ya aika aka damo masa fura, ya tsaya a kansa sai da ya shanye. Tun daga ranar mutumin nan ba shi da uba sai Baba. Da Kirsimeti matarsa takan kawo shinkafa gidan, da babbar Salla Baba yakan aika masa da cinyar rago har Kabo. Baba ne ma ya yi masa hanya ya koma jan motar ƙugiya wajen wani Alhaji.

Ni kuwa 'yarsa ta fari nake aure, to kun san sauran. Shekara goma sha shida ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon bishiya. Ni ma mai gyaran mota ne, amma na waya, rewaya da abin da ya shafi ƙwaƙwalwar mota, na ɗan yi karatunsa a Kano. Shagona yana bayan tasha. Sai da aka jima nake jin cewa in an kai masa mota mai matsalar wuta yakan ce, "Ku kai wa mai wayar nan na bayan tasha, ya iya," ba ya ƙara komai a kai. Da na ji, kwana biyu ina fara'a har matata ta tambaye ni ko lafiya. Ina son mutumin nan, kuma ina tsoronsa, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba.

Motar ƙugiyar Alhajin nan ta Kabo tsohuwa ce da aka shigo da ita daga waje, amma tana da ƙwaƙwalwa. Hannunta yana miƙewa yana komawa da ƙarfin wata doguwar silinda, kuma yadda hannun ke ƙara tsawo, haka nauyin da zai iya ɗauka ke raguwa. In aka wuce haddi motar kifewa take yi. Shi ya sa a cikin silindar ake sa sensa mai gaya wa ƙwaƙwalwar inda hannun ya kai. Siririyar sanda ce mai sheƙi, ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba, ana ɗaure ta daga gindin silinda ta shige cikin ramin da aka huda a tsakiyar rodin fistin, wato ƙarfen da mai ke turawa. A fuskar fistin kuma ana dasa zoben maganaɗisu. Fistin na tafiya, zoben na bin jikin sandar ba tare da ya taɓa ta ba, sandar na jin inda yake, lamba na fitowa a allon da ke gaban direba. In tsawon hannun da nauyin kayan ba su dace ba, sai motar ta yi kuka ta ƙi ɗagawa.

Sensar motar ta mutu, Alhaji ya sa aka kawo sabuwa daga Kano. Zobenta bai zo daidai da gurbin tsohon ba, dole a sake fere wurin zamansa a jikin fistin. Sai Alhaji ya ba Baba aikin ƙarfe, ni kuma ya ba ni aikin waya, bai damu da abin da ke tsakaninmu ba. Haka muka yi kwana uku a rumfa ɗaya, ni da surukina, direban nan na Filato ya zama ɗan aikenmu.

"A ce wa injiniya ya janye wayoyinsa, zan zare rodi," in ji Baba, yana kallon bango.

Direban ya juyo gare ni, ni da nake taku uku daga wurin, dariya na cin sa. "Injiniya, Baba ya ce ka janye wayoyinka."

"A ce na ji."

"Baba, ya ce ya ji."

A kwanakin nan na ga aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya kwantar da rodin a kan gumagumai da aka naɗe da tsumma, ya wanke cikin silindar da kananzir sau uku, ya zura doguwar waya mai ƙyalle a baki ya share ramin rodin har ƙyallen ya fito fari. Ya auna zurfin ramin da siririn ƙarfe, ya sake aunawa, don kada fistin ya dawo ƙarshe bakin sandar ya daki gindin rami ya lanƙwashe. Ya hana kowa ɗaukar sandar shi kaɗai, sai mutum biyu, ɗaya a kai ɗaya a gindi. Ya shafa wa robar da ke tare mai a wuyanta giris da ɗan yatsa, ya ɗaure ta da sifana a daidai inda aka yi don sifana, ya daina juyawa a daidai lokacin da ya kamata, ba tare da wani ma'auni ba. Mutumin da bai taɓa ganin irin na'urar nan ba, ya gane duk abin da take so da ido, sai abu ɗaya da ido ba ya gani.

A cikin kwalin, tare da zoben maganaɗisun, akwai wani farin zobe na roba mai tauri. Wurinsa tsakanin maganaɗisun da ƙarfen fistin, kuma takardar da ta zo da kayan ta faɗa da Turanci ƙarara cewa kada a sa ƙarfe a wannan gurbin. Ƙarfe yana janye ƙarfin maganaɗisu, sai abin da ke isa ga sandar ya yi rauni. Na karanta takardar, na ajiye a aljihu, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar an riga an dasa maganaɗisun, a bayansa kuma wani zobe na ƙarfe yana walƙiya, sabon fira daga injin Baba. Farin zoben yana yashe a kan benci.

Alhaji yana wurin, 'ya'yan Baba biyu suna wurin. Baba yana goge hannu, fuskarsa a sake, yana gaya wa direban, "Roba suka sako, ka ji. Roba a cikin mai mai zafi, wata shida ta narke ta toshe bawul. Na fere masa na gaskiya."

Kowa ya ce madalla. Na buɗe baki, sai na rasa wa zan gaya wa. In faɗa wa Baba kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba, kuma maganata ta farko gare shi ta zama cewa ya yi kuskure a gaban 'ya'yansa? Ko in ce wa direban, "A ce wa Baba bai iya ba," shi kuma ya juya ya maimaita? Na sunkuya kan wayoyina kamar ina neman wani abu. Aka mayar da fistin, aka rufe silinda.

Washegari da sanyin safiya muka gwada. Hannun ya miƙe har ƙarshe ya dawo, lambar tana bin sa ba ta yi tuntuɓe ba. Na saita mata farko da ƙarshe, na ce wa zuciyata masu takardar nan sun cika tsoro. Amma na san maganaɗisu yana ƙara rauni in ya ɗau zafi, na kuma san irin zafin da mai ke yi a bazara in mota ta yi rabin yini tana aiki. Na yi niyyar in sami Alhaji a keɓe in ƙirƙiro wani dalili a kawo motar shagona, in buɗe in canja ba wanda ya sani. Kwana biyu da gama aikin ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Kwana tara ya yi. Kullum ina zuwa dubiya, kullum ina cewa gobe zan kira Alhaji, har ranar da aka ce ya cika.

Ranar sadakar uku direban ya zo da matarsa. Ita ta shiga wajen mata, shi ya zauna ya yi kuka a fili ba ya jin kunyar kowa. Da zai tafi ya ja ni gefen katanga.

"Injiniya, akwai wani ɗan abu. In rana ta yi zafi, lambar nan takan tsaya, hannu yana tafiya ita ba ta motsi. In na kashe mota ta huta sai ta dawo."

Na ce tun yaushe. Ya ce sau uku ke nan, amma ƙananan kaya yake ɗagawa, kwalbatoci da buhuna.

"Gobe dai za mu ɗora tankin ruwa a kan ƙarfensa a Garo, babba ne. Ka zo ka duba wayarka. Na san ba daga ciki ba ne, ciki aikin Baba ne."

Ga tabarmar makoki taku goma daga inda muke, ana ta addu'a. Na ce masa zan zo da safe, kada ya ɗaga komai sai na iso. Abin da na iya faɗa ke nan. Har a nan ban faɗi gaskiya ba, kuma duk lokacin da na tuna sai in ji haushin kaina.

Na isa Garo da hantsi, na tarar ba su jira ni ba. Tun asuba motar ke aiki tana jera ƙarafan hasumiyar da za a ɗora tankin a kai, mai ya riga ya yi zafi. Ga tankin ƙarfe an ɗaure shi da sarƙa ya bar ƙasa, ga masu walda biyu a can sama suna jiran su karɓa, ga mutanen gari sun yi da'ira suna kallo, mata da jarkoki, dattawa a gindin darbejiya. Iska ta ɗauke gaba ɗaya. Na yar da babur ko jingine shi ban yi ba, na haye gefen motar na leƙa allon. Lambar tana tsaye. Na ɗaga kai, hannun yana ci gaba da miƙewa a hankali, ƙarfe na fitowa daga cikin ƙarfe. A wajen ƙwaƙwalwar motar hannun gajere ne har yanzu, don haka ba ta yi kuka ba.

Na waiga baya. Ƙafar motar ta baya, wadda ke tokare da ƙasa a kan katako, ta saki katakon. Ana ganin haske a ƙarƙashinta.

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Kada ka firgita. Tsayar da hannun. Ka janye shi baya kaɗan-kaɗan, kada ka juya."

Ya dube ni, ya bi idona ya ga ƙafar. Ya yi yadda na ce. Tankin ya yi lilo sau ɗaya, sarƙa ta yi ƙara, wata mata ta ja ɗiyarta baya. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba kafin ƙafar ta koma ta zauna a kan katakon. Da tankin ya taɓa ƙasa direban ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari.

Alhaji ya taso daga inuwa ransa a ɓace, mutane suka biyo shi. A cikinsu akwai direbobi biyu da na gani a wajen makoki.

"Injiniya, mene ne haka? Wayarka ce ko? To gyara mana yanzu, mutane na jira."

Da na ce e wayata ce, da kowa ya yarda, da sunan Baba ya tsira. Na so in faɗa, Allah Ya sani. Amma in na ce waya ce, za a ba ni minti talatin in taɓa nan in taɓa can, motar ta huce, lambar ta dawo, a sake ɗaga tankin. Babu mai yarda a buɗe silinda saboda waya.

Na ce, "Alhaji, ba waya ba ce. A cikin silinda ne. Zoben da Baba ya fere na ƙarfe ne, wurin kuma ba ya son ƙarfe. Sai an buɗe."

Ɗaya daga cikin direbobin ya ce, "Kwana huɗu da binne shi," ya tofar da yawu ya juya. Direban Filato ya ɗago kai ya ce a hankali, "Injiniya, ka san da haka tun ranar?" Na ce na sani. Ya kawar da kai.

Kafin in koma Gwarzo magana ta riga ni. Aka kawo motar garejin bayan kwana biyu, babban ɗan Baba namiji, ƙanin matata, wanda garejin ya koma hannunsa, shi ya zare rodin da kansa bai ce mini sannu ba. Da fistin ya fito na ga zoben. Ban taɓa ganin ƙarfen da aka fere da kyau haka ba, santsi kamar madubi, ya zauna a gurbinsa ko gashi ba zai ratsa ba. Sai da muka yi rabin awa kafin ya yarda ya fito. Farin zoben kuwa muka same shi a cikin gwangwanin da Baba ke tara ƙananan abubuwa, don ba ya yar da komai. Na sa shi a bayan maganaɗisun, aka rufe, muka bar motar tana aiki a tsakiyar rana har silindar ta gagari taɓawa. Lambar ta bi hannun daga farko har ƙarshe, sau goma. Ƙanin matata ya tsaya yana kallon allon, sannan ya ɗauki zoben ƙarfen ya sa a aljihu ya shige ciki. Har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa.

Matata ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi laifi ba. Ranar da aka yi sadakar bakwai ta ce mini, "Inna tana kira."

Surukata tana takaba. Ita ma ban taɓa haɗa ido da ita ba. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa da ta'aziyya, ta amsa. Na shirya jin kowace irin magana.

"An ce ka tsayar da mota a Garo," in ji ta.

"Haka ne, Inna. A yafe mini."

"Ba wanda ya ji ciwo?"

"Babu."

"To alhamdu lillahi." Sannan ta ce, "Ranar da kuka rufe abin nan, Malam ya dawo gida bai ci tuwo ba. Na ce lafiya? Ya ce, 'Mijin yarinyar nan ya ga wani abu a aikina. Ya buɗe baki ya rufe.' Na ce to ka tambaye shi mana. Ya ce, 'Da wane bakin?'"

Ta ci gaba daga bayan labule.

"Da ya kwanta, kullum in an ce ga ka nan ka zo dubiya, sai ya ce in fita in ba ku wuri, a kori jikoki. Kai ka ɗauka don me? Sai ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, ku yi shiru, ka tashi. In na dawo sai ya ce, 'Bai faɗa ba.' Kwana tara. Ana gobe zai cika ya ce a nemo masa direban nan a ce kada ya ɗaga abu mai nauyi, yaran suka ɗauka zafin ciwo ne, ba wanda ya je."

Hawayena na ɗiga a kan simintin ƙofarta, ina kallonsu.

"Masu cewa ka ci mutuncinsa ba su san shi ba," in ji ta. "Da yana da rai, da hula zai dake ka saboda shirun da ka yi, ba saboda maganar da ka yi ba. Tashi ka tafi. Allah Ya yi maka albarka."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa rayukan da ya tsare da gudumarsa da hularsa su tsaya masa a ranar da babu mai tsaya wa wani. Ku da kuka san shi, ku ci gaba da cewa aikinsa ba ya dawowa, don sau ɗaya tak ya dawo, kuma rabin laifin nawa ne. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Shekara goma sha shida ina tuɓe wa mutumin nan takalmi, magana ɗaya ya taɓa buƙata daga bakina, ya mutu yana jiranta.